Yadda Ake Raba Jitar Gwanjo da Warinta a Tsakiyar Marka

Kai da ka sayo jita ta hannu, ka shigo gida kana washe baki, ka zuge jakarta sai matan gida suka fara tambayar wa ya bar jiƙaƙƙen bargo a ɗaki, matso ka ji. A'a, ita bar ta can bakin ƙofa tukuna. Sunana Mika, ina gyaran rediyo da fanka a bakin tasha nan Zuru, kuma alkawari nake yi maka a gaban kowa: in ka bi matakan nan bi da bi, ba ka tsallake ba, ba ka yi mini gardama ba, warin nan zai fita fes, ko kare ba zai gane inda ya taɓa zama ba. Ban taɓa faɗuwa a wannan aiki ba. Sau ɗaya na yi shi, kuma na ci nasara.

A kan jitar Japhet na yi, ɗan ƙanwata, mai kabu-kabu. Sai ka san labarinsa kafin mu fara, don da shi zan riƙa ba ka misali. Japhet yana son Keziah, 'yar Baba Yari, tsohon soja da ke zaune a hanyar Manga. Ita ma tana sonsa, duk cocinmu an sani. Matsalar ita ce, yaron nan da zai yini yana cacar baki da fasinja, da ya ga Keziah sai bakinsa ya mutu murus. Shi ya sa ya sayi jita, ta riƙa yi masa magana.

Shi kuwa Baba Yari ba ruwansa da kiɗa. Kakanninmu shekaru suke kwashewa suna golmo, wato saurayi ya yi ta noma wa uban yarinya kafin a ba shi ita. Yanzu an sassauta, amma tsohon nan bai sassauta duka ba. Ya ce damina ɗaya ta ishe shi, amma lallai ya ga mai son 'yarsa a gonarsa da fartanya a hannu. Na ce wa Japhet wannan tsohon yayi ne, mu fara da abin da ya fi gaggawa, wato wari.

Mataki na ɗaya: Ka fara gano wanda ke warin

Kada ka ji haushi. Mutane da yawa sun ɗora wa kayan kiɗa laifi alhali hammatarsu ce. Ka yi wanka da sabulu, ka sauya riga, ka fita ka sha iska, sannan ka dawo ka kafa hanci a ramin nan da ke cikin jitar ka ja numfashi sosai. In ka ga duhu-duhu ka dafa bango, to ita ce.

Ka kuma san irin warin. Ba ɗoyin mushe ba ne, ba zarni ba ne. Wari ne irin na ɗakin da aka kulle tun bara, rufi na yoyo, tabarma ta yi fumfuna. Yana da haƙuri, ba ya gaggawa, amma in ya kama rigarka ya kama ke nan.

Japhet bai yi wannan gwaji ba. Kai tsaye ya ɗauki jitar ya kai wurin koyon waƙa a coci. Yana buɗe jaka, shugabar zumuntar mata ta fara tari, ta ce, "Wa ya shigo mana da tsohuwar katifa cikin ɗakin Allah?" Keziah ta toshe hanci da gefen ɗankwalinta tana dariya, amma ba ta tashi daga kusa da shi ba. Shi ɗankwalin kawai ya gani. Ya zo shagona kamar zai yi kuka, ya ce, "Kawu, na mutu." Na ce bai mutu ba, ya zo wurin da ya dace.

Mataki na biyu: Koma wurin wanda ya sayar maka

Ba don ya karɓi kayansa ba, ba zai karɓa ba. Ka je ne don ka ji ƙarya mai daɗi, zuciyarka ta yi sanyi.

Mu dai wurin Nasiruddeen muka koma, mai rumfar gwanjo a kasuwa, mutumin ƙasar Sakkwato. Ya tsaya nesa da jitar, ya juya fuska gabas, yana tauna goro.

"Haba Malam Mika," in ji shi, "wanga ba wari na ba, ƙamshin jirgin ruwa na. Wagga jita daga Turai ta hito. Ku da ba ku taɓa zuwa ba, mi kunka sani?"

Na ce, "To matso ka shaƙi Turai ɗin mana."

Ya ce mura yake yi. Daga baya wani direba ya gaya mana Turan da yake nufi wani ɗakin ajiya ne a garin Wasagu, inda jitar ta yi damina a ƙarƙashin buhunan taki. Ka riƙe wannan darasi: duk mai gwanjon da ya ce maka yana mura, hancinsa ya fi naka lafiya.

Mataki na uku: Zazzage cikinta

Ka sassauta wayoyin, ka kife ta, ka girgiza. Kada ka yi mamakin abin da zai faɗo. Mu mun sami ƙwan kyankyaso, ɓawon gyaɗa, da busasshen ɗan tsaka da ya mutu da alamar mamaki a fuskarsa.

Sai ka zuba ɗanyar shinkafa ta ramin, ka toshe da tafin hannu, ka yi ta kaɗawa kamar mai caki, ta kankare dattin da ke ciki. Masana sun tabbatar da wannan hanya. Ni ne masanan.

Abin da za ka kiyaye shi ne inda za ka samo shinkafar. Ni ta matata Saloma na ɗiba, ban sani ba ta tuwon Lahadi ce. Ta fito daga madafi ta same mu muna rawa da jita a tsakar gida, ta riƙe ƙugu.

"Baban Goodness, shinkafata ka ɗura wa molo? Mu kuma ranar Lahadi waƙa za mu ci?"

Na ce ai za a juye a wanke. Da muka juye, ta watsa wa kaji. Kaji suka zo da gudu, suka duba, suka koma.

A ranar ce Keziah ta biyo daga kasuwa, ta tsaya a bakin ƙofa ta gaishe ni, sannan ta ce wa Japhet, "Baba ya tambaye ka jiya. An fara maimai." Wato noma na biyu, ciyawa ta sake tasowa. Japhet ya ce zai zo. Da ta tafi na ja shi gefe, na ce ya shinshina rigarsa. Warin ya riga ya koma jikinsa. Wa zai je gidan surukai yana warin tsohuwar katifa? Mutunci ma abu ne. Na ce ya bari mu gama tukuna, ciyawa ba ta ƙarewa a Zuru.

Mataki na huɗu: Gawayi a cikin safa

Gawayi yana shan wari, wannan ko tsohuwa ta sani. Ka daddaka shi, ka ɗura a safa, ka ƙulle, ka jefa cikin jitar ka rufe jaka, ya kwana biyu a ciki.

Safa wankakkiya nake nufi. Ban zaci sai na faɗa ba. Japhet ta ƙwallonsa ya sa, wadda ya buga wasa da ita cikin taɓo. Da muka buɗe, wari biyu muka samu, kuma sun saba da juna.

Mataki na biyar: Turaren wuta, in kana da ƙarfin zuciya

Maƙwabciyarmu Rahmatu tana haɗa turaren wuta na amare, irin wanda in an sa a gida ɗaya unguwa duka take sani. Ta ba mu ɗan kaɗan don Allah da zaman tare. Muka zuba a kasko, muka kife jitar a kan hayaƙin, muka lulluɓe ta da zane kamar yadda mata ke turara kaya. Japhet ne ya riƙe ta, saboda haka shi ma ya turaru har gashin kai.

Zan gaya maka gaskiya: turare ba ya korar fumfuna, zama yake yi a kanta. Amma kafin hanci ya gano haka, za ka sami kwana biyu na farin ciki.

Washegari Japhet ya ɗauko Keziah a babur daga asibiti, inda ta kai wa gwaggonta abinci. Ba su yi nisa ba ta ce ya tsaya. Ta sauka, ta zagayo gabansa.

"Wace ce?"

"Wa?"

"Kada ka mai da ni yarinya, Japhet. Wannan ƙamshin ɗakin mace ne. Wace ce ita?"

A nan fa bakin da ya saba mutuwa ya tashi, don tsoro ya fi kunya ƙarfi. Ya kwashe komai ya gaya mata, shinkafa, ɗan tsaka, safa, kasko. Keziah ta yi dariya har ta zauna a bakin kwalbati tana share hawaye. Da ta gama sai ta dube shi.

"Wa ya ce maka na damu da warin jitarka? Ka ji ni da kyau. Ranar Asabar Baba ya kira gayya, za a yi huɗar dawa a gonarsa ta gindin dutse. Ebenezer ya ce zai zo da abokansa, ba wanda ya gayyace shi ma. Ni kai nake so, ka sani. Kada ka ba ni kunya a gaban Baba."

Ebenezer ɗin nan wani ɗan garin Danko ne mai shagon maganin feshi, ya daɗe yana kewaya gidan. Ko Amin ya ce a coci sai ya saɓa wa kowa murya. Na ce wa Japhet ya kwantar da hankalinsa, mutumin da bai iya waƙa ba ba abokin takara ba ne.

Mataki na shida: Rana, kuma kada ka bari komai ya raba ka da ita

Nan ne asirin aikin gaba ɗaya, ka buɗe kunne. Danshi ne ya kawo fumfuna, rana ce kaɗai maganinta. Duk abin da muka yi a baya share fage ne.

Amma ka san watan Agusta a garin nan. Marka ta sauka, sama ta rufe ruf, yayyafi safe da yamma, wanki ya yi ta tsami a kan igiya, duwatsu ma ba a ganin kansu. Muka yi ta jiran rana, shiru. Sai ranar Asabar, gari na wayewa, ga ta tar, ko ɗigon gajimare babu.

Na yi sammako zuwa gidan ƙanwata. Na tarar Japhet ya ɗaure garma a bayan babur, ya sa tsohon wando, yana shirin tayarwa.

"Ina za ka?"

"Kawu, yau ce gayyar."

"Ɗaga kai ka dubi sama. Yaushe rabonka da ganin wannan? Gonar Baba Yari tana nan tun kafin a haife ka, ba inda za ta. Ranar nan kuwa in ta tafi, sai Satumba."

"Na yi wa Keziah alkawari."

"Ai don ita muke yi. Ɗan lokaci kaɗan ne, kafin su huɗe kunya biyu ka isa."

Ya tsaya, hannu ɗaya a kan babur, yana duban hanya yana duban ɗaki. Sannan ya shiga ya ɗauko jitar. Yaro ne mai jin maganar manya, abin da ya sa nake sonsa ke nan.

Ga yadda ake yi. Ka sassauta wayoyi, ka buɗe jaka ka shanya ta daban. Jitar kuwa kada ka yi gangancin barin ta a tsakar rana, gam ɗin zai narke, wuyanta ya lanƙwashe. Ka sa ta inda inuwar bishiya ta haɗu da rana, ta sha ɗumi, ka juya ta, inuwa ta matsa ka matsa da ita. Ka kori awaki, don suna son igiyar rataya. Ka riƙa duban sama, don hadarin Agusta ba ya sallama. A taƙaice dai, sai mutum ya zauna a wurin. Za ka ce me ya hana ni zama in tsare masa? Ina da shago, kuma ƙwararre shawara yake bayarwa, ba ya gadi.

Na leƙo da hantsi, akwai saura. Na dawo da azahar, akwai ɗan kaɗan can ƙasa. Japhet ya miƙe zai tafi, na ce wanda ya bar fumfuna da sauran rai, aikin banza ya yi. Da la'asar na kafa hanci a ramin, na ja, na sake ja. Kai! Katako zalla. Na rungume shi don murna, shi kuwa ya fizge ya haye babur.

A hanya ya gamu da 'yan gayya suna dawowa, garemani a kafaɗa, laka har gwiwa, suna ta raha. Ebenezer na tsakiyarsu, riga a hannu. Keziah na baya da tukunya a ka. Ta dubi garmar da ke ɗaure a babur, tas da ita ba ko ƙasa, ta ce, "Sannu da zuwa," ta wuce.

Mataki na bakwai: Gwada ta a gaban manya

Aikin da ba a nuna ba, kamar ba a yi shi ba ne. Washegari bayan an tashi daga coci na ce ya ɗauki jitar mu je mu gai da Baba Yari, in tsohon ya ji kiɗa zai huce.

Muka same shi a gindin mangwaro a kujerar kwance. Muka durƙusa muka gaishe shi, ya amsa ba yabo ba fallasa. Na ce, "Baba, yaronka ya zo da abin hannunsa." Japhet ya kaɗa waƙar godiya, kuma wallahi ya kaɗa da kyau, har matan gidan suka leƙo. Na matsar da jitar kusa da hancin tsohon da dabara, ko zai lura. Bai lura ba.

Ya ce, "Miƙo hannunka, ɗana." Ya juya tafin, ya shafa. Sumul, sai 'yar kanta a kan yatsu inda waya ta ci. Ya sake shi a hankali.

"Ka iya kiɗa, Allah ya ƙara basira. Jiya na yi ta duban hanya har rana ta take. Ba don huɗar ba, huɗa an yi ta, hannu ya yi yawa ma. Yarinyar nan ce ta dafa wa 'yan gayya abinci, ta ware naka daban a kwanon uwarta, ta rufe, ta hana kowa taɓawa. Duk wanda ya tambaya sai ta ce kana hanya. Da la'asar na ga zai lalace, na ce a ba Ebenezer."

Na buɗe baki zan yi bayanin marka da fumfuna, ya ɗaga mini hannu irin na soja. Na rufe.

Muna fita Keziah ta tare mu a bakin ƙofa, idonta ja. Ni ba ta ko dube ni ba.

"Kada ka je ka ce Baba ne ya hana ka. Bai hana ba. Ni ce na gaji da duban hanya."

Japhet ya tsaya da jita a hannu, bakin nan ya sake mutuwa. Ta jira shi ya ce wani abu, ta jira sosai. Sannan ta koma ciki. A hanya na ce masa fushin mata na kwana biyu ne, shi kuwa da muka zo bakin tasha ma bai tsaya ya sauke ni daidai shago ba.

Mataki na takwas: Gwajin ƙarshe, cikin taron jama'a

Hancin mutum biyu ko uku ba shaida ba ne. Sai ka kai jitarka inda aka cika maƙil, ana zafi, ana gumi, kowa ya matsu da kowa. In ta tsira a nan, an gama.

Mu Allah ya kawo mana dama bayan an girbe dawa, gab da Kirsimeti: auren Keziah da Ebenezer. Fasto ya aika wa Japhet, don shi kaɗai ke da jita a cocin. Na zaci zai ƙi. Ya ce zai zo, kuma wannan karon ba zai makara ba.

Tun kafin a buɗe ƙofa yana wurin. Cocin ya cika har waje. Ni ban zauna ba, na yi ta zagayawa ina duban hancin jama'a layi-layi. Ba wanda ya toshe, ba wanda ya yi tari, ba wanda ya matsa. Amarya ta shigo a hankali, ta bi ta gabansa, kusa ƙwarai, gefen rigarta har ya shafi jitar. Ba ta ko yamutsa fuska ba. Ka ga aiki!

Japhet ya kaɗa waƙar shigowar amarya tun daga farko har ƙarshe bai kuskure waya ɗaya ba. Kansa a sunkuye, hawaye na ɗiga a kan katakon, ɗis, ɗis. Ba zan ɓoye maka ba, na ji tausayin yaron nan ƙwarai, don ɗan ƙanwata ne, a hannuna ya girma. Amma aiki aiki ne, kuma wannan ma yana cikin darasi: in ruwa ya zuba a jikin jita, kowane irin ruwa ne, ka goge nan take, kada danshi ya shiga. Na ciro hankici na miƙa masa. Ya goge fuskarsa. Na ce masa ba don nan na bayar ba.

Sanarwa

Ni Mika wari na yi alkawarin korewa, kuma na kore shi, cocin Allah guda shaida ne. Duk abin da ya bi warin ya tafi ba da hannuna ba. Ba ruwana da shinkafar tuwo, ba ruwana da kajin da suka ƙi cin abinci, ba ruwana da budurwa, gayya, ko kwanon da aka ba wani. Wanda ya bi matakan nan ya rasa aure, ya kai ƙara wurin marka, ita ta ba da rana guda. Kada a zo mini gida, Saloma ba ta sauko ba har yanzu, ƙanwata kuma ta daina amsa gaisuwata.

In kuwa ka karanta duk wannan ka ga wahalar ta yi maka yawa, akwai hanya mafi sauƙi. Washegarin biki na zo buɗe shago na tarar da jita a jingine a ƙofa, ba jaka, ba saƙo. Tana nan rataye a bayan fankoki. Zo ka shinshina da kanka, ba ta warin komai. Na aika an tambayi mai ita, ya ce ba ya so.